Yadda zaka sa tsohuwar kwamfuta ta ga cikakken girman babban had-diski

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan matsalar kusan duk sati sai an kawo min ita shago, wani ya kira a waya, wani ya turo hoton sikirin ta WhatsApp, kuma kullum maganar ɗaya ce, na sayi babban had-diski na ɗaura amma rabinsa kawai nake gani. Shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuta abin dalla-dalla yadda ko ba ka kusa da mai gyara zaka iya yi da hannunka.

Kwanakin baya wani ƙanenmu mai ɗaukar bidiyon biki daga wajen Gwallameji ya zo da destof ɗinsa a bayan mashin, ya ɗaure shi da roba ya lulluɓe da tsohon zani saboda ƙura, yana shigowa ko zama bai yi ba ya ce "Yaya an cuce ni, tera 4 na biya aka sako min a mota daga Legas, na ɗaura, tera 2 nake gani." Har ya riga ya kira mai kayan sun yi sa-in-sa. Na ce masa zauna ka sha ruwa tukuna. Da muka kunna injin na buɗe inda ya kamata sai ga sauran wajen nan kwance ba wanda ya taɓa shi, diskin lafiyarsa ƙalau, mai kayan ma bai ci masa ko kwabo ba. Abin da ya faru kawai ranar da ya ɗaura diskin Windows 7 ta yi masa wata tambaya, shi kuma ya danna OK bai karanta ba.

Toh abin da nake so ka fara riƙewa shi ne lambar da kwamfutar ta nuna maka ita ce zata gaya maka inda ciwon yake. Kafin ka yi fomatin, kafin ka mayar da kaya, kafin ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, kana taɓe-taɓe, ka tsaya ka karanta lambar nan.

Da farko ka tabbata akwai matsalar ma

Masu ƙera diski suna lissafi da 1000, ita kuma Windows da 1024 take lissafi, don haka kullum abin da zaka gani bai kai abin da aka rubuta a jikin kwali ba. Mai giga 500 zai nuna 465. Mai tera 1 zai nuna giga 931. Tera 2 zai nuna 1863, tera 3 zai nuna 2794, tera 4 kuma 3726. In lambar da kake gani ɗaya ce daga cikin waɗannan toh ba abin da ya ɓata, ka ci gaba da aikinka.

Buɗe wajen da gaskiyar take

Kar ka dogara da My Computer, shi fatishin da aka riga aka yanka kawai yake nunawa, ba ya nuna diskin gaba ɗaya. Ka danna maɓallin Windows da R a tare, a ɗan akwatin da ya fito ka rubuta diskmgmt.msc ka danna Enter. Wannan yana aiki tun daga XP har Windows 11. A ƙasan tagar zaka ga layuka, Disk 0, Disk 1 da sauransu, kowanne a gefen hagu an rubuta girmansa na ainihi yadda Windows take ganinsa, a dama kuma an nuna yadda aka yanka shi. Inda samansa yake shuɗi fatishin ne da ake amfani da shi, inda yake baƙi aka rubuta Unallocated fili ne da ba a yanka ba.

Yanzu duba lambar gefen hagu. In ta nuna cikakken girman, misali 3726, amma a dama ka ga an raba shi gida biyu, 2048 da wani baƙin yanki, wannan matsalar MBR ce kuma ita ta fi yawa. In lambar hagun kanta ce ta ragu, diskin tera 3 yana nuna 746 ko na tera 4 yana nuna 1678, wannan direba ne, wato manhajar da Windows take magana da diskin da ita, ko kesin da ake sa diski a ciki a jona ta USB. In 128 ko 137 kake gani, injin ko Windows ɗin ne suka tsufa sosai. In 32 ne, akwai ɗan abin da za a cire a bayan diskin. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya amma a ta farkon zan fi daɗewa.

Iyakar 2048

Kowane diski a farkonsa akwai ɗan wajen da ake rubuta bayanin yadda aka yanka shi, daga ina zuwa ina fatishin kaza yake. Tsohon tsarin sunansa MBR, tun shekarun 1980 ake amfani da shi. Shi diski an kasa shi ƙananan gidaje ne, kowanne bait 512, kuma MBR gidaje biliyan 4 da miliyan 294 da 'yan kai kawai yake iya ƙirgawa, in ka buga wannan sau 512 zai ba ka giga 2048 cif. Kamar mai sito ne a Muda Lawal da littafinsa ya cika, buhuna suna nan jibge har rufi amma babu sauran layin da zai rubuta su, duk wanda ya zo ya duba littafi sai ya ga kamar kayan iya nan suka tsaya. Sabon tsarin sunansa GPT, shi ba shi da wannan ƙarancin, kuma a Windows yana karɓar fatishin har 128 alhali MBR manya huɗu kawai yake ɗauka, sannan yana ajiye kwafin bayanin a ƙarshen diskin ko na farkon zai lalace.

Tambayar da na ce Windows 7 ta yi wa ƙanen nan namu ita ce wannan, in ka ɗaura sabon diski wata taga tana fitowa mai suna Initialize Disk tana cewa MBR ko GPT, kuma a Windows 7 an riga an zaɓa maka MBR, kana danna OK shikenan ka kulle kanka a tera 2. Sauran baƙin yankin ko ka danna masa maus zaka ga New Simple Volume ya dushe ba ya dannuwa.

Don ka tabbatar, ka kai maus kan inda aka rubuta Disk 1 a hagu, ba kan fatishin ba, ka danna ɓangaren dama, ka shiga Properties, ka je Volumes, wajen Partition style zaka ga ko Master Boot Record ne ko GUID Partition Table.

In sabon diski ne babu komai a ciki aikin minti biyar ne. Ka danna dama a kan kowane shuɗin fatishin da ke diskin ka zaɓi Delete Volume har ya zama duka baƙi. Sai ka koma hagu kan sunan diskin ka danna dama, zaka ga Convert to GPT Disk ya fito sarai, ka danna. Nan take yankunan biyu zasu haɗe su zama guda. Sai ka danna dama a kansa, New Simple Volume, ka yi ta Next, wajen File system ka bar shi a NTFS, ka ba shi suna, ka gama.

Dan Allah a nan ka kula da NTFS ɗin nan musamman masu bidiyo da masu tura fina-finai a waya. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, kana cikin kwafe bidiyon kamu ko na dina sai ya ce maka fayil ya yi girma alhali ga fili nan birjik. In diskin zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac toh exFAT zaka zaɓa, in ba haka ba NTFS.

In kuma akwai kaya a ciki, irin na ƙanen nan da ya riga ya zuba bukukuwa biyu da bai kai wa masu su ba, toh ba a taɓa komai sai an kwashe. Delete Volume gogewa ne, ba ya tambayarka sau biyu. Mu a ranar wani diskin shago muka ɗaura muka kwashe komai, na sa shi ya buɗe bidiyoyin daga can ɗaya bayan ɗaya ya ja su gaba ya ga suna tafiya, sannan muka goge. Akwai manhajoji irin su MiniTool Partition Wizard da AOMEI Partition Assistant da suke juya MBR zuwa GPT ba tare da sun goge kaya ba, kuma suna aiki, na yi amfani da su, amma ni ko da su zan yi sai na kwashe abin da ba zan iya asararsa ba tukuna, saboda mu nan ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba, in ta tafi ana tsakiyar rubuta bayanin nan sai dai a shiga neman yadda za a ceto kaya. Bidiyon bikin mutane ba a sake ɗauka. In kana da UPS ka jona, in sola ce ka yi da rana lokacin da batir ya cika, in janareta ne ka leƙa tanki.

Wani lokacin Convert to GPT Disk ɗin yana ƙin dannuwa saboda akwai ɓoyayyen fatishin da Disk Management ya ƙi gogewa, yawanci a diskin tokumbo da aka ciro daga wani injin. A nan sai diskpart. Ka danna Start ka rubuta cmd, ka danna masa dama ka zaɓi Run as administrator, baƙar taga zata buɗe, sai ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya kana danna Enter bayan kowanne:

diskpart
list disk

Ka tsaya a nan. Zai jero maka duk diskin da ke jikin injin da girmansu, ka nemo naka ta girmansa ka ga lambar da aka ba shi. A misalina 1 ne, naka zai iya zama 2 ko 3, kar ka kwafi nawa ido rufe.

select disk 1
detail disk

Wannan na biyun mutane da yawa suna tsallake shi, ni ba na tsallakewa. Zai nuna maka sunan diskin da ka zaɓa da harufan da ke kansa, in ka ga C a ciki toh diskin Windows ɗinka ka kama, ka koma baya. Abin da ma ya fi, kafin ka fara ka zare duk filash da duk wani diskin waje da ke jiki, ya zama daga na Windows sai sabon. In ka gamsu sai ka ci gaba:

clean
convert gpt
create partition primary
format fs=ntfs quick
assign
exit

Shi clean ɗin nan ba ya cewa ka tabbata, kana danna Enter ya gama aiki. In ka sake rubuta list disk zaka ga tauraro a ƙarƙashin Gpt daidai layin diskinka, alamar ya juyu ke nan.

Wasu suna tambayata su raba shi gida uku ko huɗu. Ni dai a ganina a bar shi guda a yi amfani da folda ya fi, domin rabawar ba ta kare komai, ranar da diskin ya mutu duka fatishin ɗin tare zasu tafi, kuma kullum sai ka ga ɗaya ya cika ɗaya yana zaune fayau.

Zan iya sa Windows a kan babban diskin?

Nan ne tsufan injin yake shigowa. Windows Vista da 7 da 8 da 10, ko mai bit 32 ko mai bit 64, duk suna karanta diskin GPT a matsayin wajen ajiya ba tare da wata damuwa ba ko da injin tsoho ne. Amma tashi daga kansa wani abu ne daban, Windows ba ta tashi daga GPT sai injin yana da UEFI, wato sabon tsarin da ya maye gurbin tsohon BIOS, kuma a irin injinan da muke da su sai ta zama mai 64. Injinan zamanin Core 2 Duo da suka cika ofisoshi da bizines santa a garin nan, irin su OptiPlex 755 da 780, tsohon BIOS ne zalla a jikinsu. UEFI bai yawaita ba sai wajen 2011 zuwa 2012 lokacin da Windows 8 ta fito. In ka dage sai ka sa Windows a diskin GPT a irin wannan injin, wajen instol zata ce maka ba za a iya sa ta a nan ba saboda diskin GPT ne, in kuma ka mayar da shi MBR don ta yarda ka koma gidan jiya, tera 2.

Shawarata a nan guda ɗaya ce kuma ita nake yi wa kowa. Ka bar Windows a ƙaramin diski, in da hali ƙaramin SSD mai giga 128 ko 256 a tsarin MBR, babban kuma ka sa shi na biyu a GPT don ajiya kawai. Injin zai fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ranar da Windows ta rikice aka ce sai an yi fomatin, kayanka suna can gefe ba ruwansu. Abin da zaka buƙata kebul ɗin SATA guda ne da bakin wuta daga fawa fak, in tsohon fawa fak ne mai farin baki mai rami huɗu akwai ɗan kebul da yake juya shi zuwa na SATA, ana samu wajen masu kayan kwamfuta a Wunti. Tunda ka buɗe injin ma ka hure masa ƙura, hunturun Bauchi ba ya raga wa fanka, kuma babban diski ba ya son zafi.

In kana zaton injinka yana da UEFI, a Windows 8 ko 10 ka danna Windows da R ka rubuta msinfo32, ka nemi layin BIOS Mode. In ya ce UEFI an gama. In ya ce Legacy ba lallai ba ne injin ba shi da shi, wataƙila wanda ya sa Windows ɗin ne ya sa ta a tsohon tsari, sai ka kashe ka kunna ka shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a yawancin destof na Lenovo, ka duba ɓangaren Boot ko akwai kalmar UEFI. In akwai kana da hanya biyu. Ko ka haɗa filash ɗin sa Windows da manhajar Rufus ka zaɓi GPT wajen Partition scheme, wajen tashi ka zaɓi sunan filash ɗin da yake da UEFI a gabansa ka sa sabuwar Windows. Ko kuma in Windows 10 ce daga 1703 ta shekarar 2017 zuwa sama, akwai mbr2gpt a cikinta mai juya diskin Windows daga MBR zuwa GPT, a baƙar tagar nan ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS ka ga ya amince, sannan mbr2gpt /convert /allowFullOS, yana gamawa ka shiga BIOS ka mayar da shi UEFI in ba haka ba injin ba zai tashi ba. Wallahi kar ka gwada wannan a injin da ba ka ga UEFI da idonka a cikinsa ba, zaka juya diskin ka rasa abin da zai tayar da shi.

Masu laftof ku taku da sauƙi. Diskin laftof mai inci 2.5 da yake shiga ramin yawanci a tera 2 ya tsaya, na tera 4 da 5 kaurinsu milimita 15 ne ba sa shiga, don haka iyakar MBR ba ta cika taɓa ku ba sai in na waje kuka saya.

In tera 3 yana nuna 746

Wannan ta fi haɗari kuma mutane ba su san ta ba. A nan ba tsarin yanka ba ne, direban da yake magana da diskin ne ba ya iya ƙirga abin da ya wuce 2048, sai lissafin ya zagayo ya fara daga sifili kamar mitar mashin in ta cika, ya nuna maka ragowar kawai. 2794 a cire 2048 saura 746, 3726 a cire 2048 saura 1678, ka ga inda lambobin suka fito. Haɗarin shi ne in ka ɗauko diskin da aka cika da kaya a wani injin ka ɗaura a wannan, zai iya rubutu a inda bai kamata ba ya lalata maka abin da ke ciki. In ka ga wannan lambar a diskin da yake da kaya ka kashe injin ka zare shi tukuna.

Gyaran, ka danna Windows da R ka rubuta devmgmt.msc, ka buɗe IDE ATA/ATAPI controllers ko Storage controllers. In direban Intel Rapid Storage ne wanda bai kai 10.1 ba, shi ne, ka sabunta shi daga shafin kamfanin injinka, ko ka danna Update driver ka zaɓa daga jerin da ke cikin kwamfutar ka ɗauki na Microsoft mai suna Standard AHCI, ka kashe ka kunna ka sake duba lambar. Wani abin kuma, kar ka je BIOS ka canja SATA daga IDE zuwa AHCI haka kawai a injin da Windows take kai, a Windows 7 shuɗin sikirin zaka samu mai lamba 7B a ƙarshe. In ka riga ka yi ka mayar da shi yadda yake zai tashi. Sannan in BIOS ne kawai yake nuna ƙaramar lamba, misali 801 ko 746, amma Disk Management yana nuna cikakke, ka ƙyale shi, Windows da nata direban take aiki bayan ta tashi.

In ta USB ka jona, kafin ka zargi komai ka zargi kesin ɗin. Tsofaffin kesin da yawa a tera 2 suka tsaya, ka ciro diskin ka ɗaura shi kai tsaye a cikin destof da kebul ɗin SATA, in ya nuna cikakke toh kesin zaka canja. Kuma babban diski mai inci 3.5 sai da wutarsa ta 12V daban, USB kaɗai ba ya juya shi. Akwai kuma akasin haka, wasu diskin waje da aka sayar a rufe kesin ɗinsu yana nuna wa kwamfuta gidajen a matsayin bait 4096 maimakon 512, in ka fasa ka ciro diskin ka sa a cikin injin sai ya nuna RAW ko ya ce a yi fomatin. Kar ka yarda, kayanka suna nan, ka mayar da shi kesinsa ka kwashe.

Masu XP

Na san har yanzu akwai masu ɗab'i da suke riƙe da XP saboda tsohuwar firinta ko injin yanka sitika da ba shi da direba a sabuwar Windows, duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Afrilun 2014. XP mai 32 ba ta karanta GPT sam, zata nuna maka GPT Protective Partition ta yi shiru. A irin wannan injin kar ka sayi abin da ya wuce tera 2.

In kuma 128 ko 137 kake gani, wannan tsohuwar iyaka ce ta diskin IDE, daga baya aka fito da sabon lissafi mai suna 48-bit LBA ya kawar da ita. XP ta farko ta 2001 ba ta zo da shi a kunne ba, sai daga Service Pack 1. Ka rubuta winver ka ga wacce kake da ita, in babu Service Pack ka sa SP3, ka kashe ka kunna, sauran filin zai fito baƙi a Disk Management sai ka yanka shi ya zama D. In BIOS ɗin ne ya tsufa ka bar C ƙasa da giga 128. Ni ba na ba da shawarar sabunta BIOS a injin da ya kai wannan shekarun sai in akwai UPS mai kyau, in wuta ta yanke a tsakiya madabod ɗin ya tafi.

Mai nuna 32 kuma, ka juya bayan diskin IDE ɗin kusa da inda kebul yake shiga zaka ga 'yan ƙananan ƙusoshi da ɗan roba da aka sa a kan biyu, jamfa muke ce masa. A jikin takardar diskin akwai zanen inda ake sa shi, ɗaya daga ciki na rage girma ne zuwa 32. Ka cire shi da ɗan hantsaki ka mayar inda aka rubuta Master ko Cable Select.

In kulonin aka yi maka

Wannan gajeriya ce. An kwafe tsohon diskinka mai 250 zuwa sabo mai tera 1, C ya zo da tsohon girmansa, sauran yana baƙi. Ka danna dama a kan C ka zaɓi Extend Volume. In ya dushe, akwai ɗan fatishin na Recovery da ya shiga tsakanin C da baƙin filin, domin Windows ba ta miƙa fatishin sai filin yana manne da shi ta dama. Mafi sauƙi ka mayar da filin ya zama D abinka, in kuma lallai sai C ya girma sai ka nemi GParted ko ɗaya daga cikin manhajojin da na ambata su matsar da shi.

Kafin ka zuba kaya, gwada shi

In tokumbo ne ka sa CrystalDiskInfo ka duba. Shuɗi da Good lafiya, rawaya da Caution ka mayar wa mai shi tun kuna shiri, kuma ka kalli Power On Hours ka ga awa nawa ya yi yana aiki kafin ya zo hannunka. Sannan akwai na jabu, musamman ƙananan diskin waje da filash da ake rubuta wa tera 2 ko fiye a sayar da arha, su matsalarsu ta juye ce, suna nuna girman da ba su da shi, kana zubawa yana karɓa sai ranar buɗewa ka tarar fayil ɗin sun lalace. H2testw ake sa musu, yana cika diskin da kansa sannan ya karanta ya gaya maka iya gaskiyar abin da ke ciki.

Ga sabon diski kuma ni nakan cire alamar Quick wajen fomatin in bar shi ya bi diskin gaba ɗaya, tun daga Vista cikakken fomatin yana rubutu a kowane gida, in akwai wajen da ya lalace zai tona shi tun babu kayanka a ciki. A tera 4 ka ware masa awa bakwai zuwa goma in a cikin injin yake, ta tsohon USB 2.0 kuwa zai wuce kwana guda, don haka ka shiga Power Options ka hana kwamfutar barci kafin ka fara.

Na ƙanen nan namu da safe muka sa, sai bayan la'asar ya gama, muka mayar masa da bukukuwansa biyu. Da ya buɗe My Computer ya ga 3.63 TB sai ya ce "Yaya to sauran fa?" Na ɗauko kalkuleta na ce ya raba 3726 da 1024 da kansa, ya buga ya ga 3.63 ɗin ce ta fito. Kafin ya ɗaura injin a mashin na sa ya kira mai kayan nan na Legas ya ba shi haƙuri, na kuma rubuta GPT da alƙalamin maka a jikin diskin don duk wanda zai buɗe injin nan gaba ya san kar ya kai shi kan XP.